Sabon Famfon Gwaggo

Litinin, 10 ga watan Ƙaramar Salla

Ɗana Mushe ya ce a lissafin Nasara yau 24 ga Fabrairu, 1964. Ya ce in rubuta. Na rubuta, ba don shi ba.

Wanga karne, ɗan littafin ga, na Gwaggo ne. Tun ranar da na fara riƙe bolan ɗinta, wato sitiyari, shekara goma sha huɗu ke nan, duk abin da ya same ta ina sa shi nan da ajamina. Ban yi makarantar lakkwal ba, ko allon ma ban wuce izu uku ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mani. Gwaggo kamiyona ce, motar kaya. Mutanen Mayahi sunka sa mata sunan, wai tana tafiya tana ƙorafi.

Yau an cire mata famfon isansi, wato fetur. Fatar cikinsa ta yage, an nema Maraɗi, an nema Damagaram, babu irinta. Alkasim, ɗana na biyu, wanda anka karɓe mani anka kai lakkwal, shi nake ce ma Mushe, yadda ake kiran Nasaran Faransa, ya zo da famfo biyu masu aiki da batir, na wata motar soja da ta mutu. Ɗaya ya ɗaura gab da tanki, ɗaya kusa da inji. Ya ce ƙarfinsu ya ninka na tsohon. Na ce Gwaggo ba ta roƙi ƙarfi ba. Ya ce, “Baba, ai ba ta da wani zaɓi.” Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya ɓata mani rai.

Tsohon famfon na naɗe shi a tsumma, yana ƙarƙashin gadona.

Talata, 11

Kana murɗa makulli sai su fara tak-tak-tak kamar kaza na tsince tsaba a faranti. Rabin unguwa ya taru kallo. Salifu mai sabuwar kamiyo ya tsaya da hannu a baya, ya ce, “Kai, tsohuwa da zuciya biyu.” Anka yi dariya. Bai ce masha Allah ba. Na lura. Mutum takwas sunka yaba, biyu kaɗai sunka ce masha Allah.

Da ta tashi sai baƙin hayaƙi, isansi na tsiyaya daga karbiratar har ƙasa. Na ce ma Mushe ga ƙarfin nan naka. Ya ce turin ya yi yawa ne, ya kwance, ya lanƙwasa wani ɗan ƙarfe a ciki, ya ɗaura wani agogon awo da ya aro, mai allura ɗaya. Bayan azahar allura ta tsaya inda yake so. Hayaƙi ya washe. Ya dube ni. Na dubi wani wuri.

Da la'asar na cire murfin tanki na kai ma Illo baduku, tsarana, tare anka yi mana kaciya. Na ba shi layar da malaminmu ya rubuta mani, na ce ya ɗinke ta bisa murfin, ya rufe da fatar akuya gaba ɗaya. Ta tanki abinci ke shigar mata, ta nan baki zai shiga. Illo ya ce, “Maiwada, motar ce ke tsoron baki ko kai?” Na ce ya yi aikinsa.

Laraba, 12

Illo ya iya hannu. Ya jiƙa fatar ya ja ta, ta bushe ta kama murfin kamar da ita anka haife shi. Ya bi ɗinkin da kakin zuma, ya sa ma bakin zoben fata don ya zauna daram. Ko ƙamshin isansi ba ya fita yanzu. A da ana jin warinsa har cikin kabin, inda nake zama.

Na ce ma Mushe daga yau murfin ga ni kaɗai ke taɓa shi.

Saƙon Maigari Cindo ya iso. Gyaɗar Garin Cindo saura lodi uku, kuma an yi shela za a rufe awon seko, wurin sayen gyaɗa na Tasawa, ranar Alhamis, 27 ga wata. Tireti, kakar sayen gyaɗa, ya ƙare ke nan. Abin da bai hau sikelin baskil ba ran nan sai ya zauna ma ƙwari. Salifu ya je masu har sau biyu, sun ce a'a, Gwaggo suke jira. Shekarar yunwar Muda ita ta riƙa kai masu garin rogo, lokacin da babu motar da ta yarda ta ƙetare yashin gulbi. Ba su manta ba. Ni ma.

Kwana goma sha biyar, lodi uku. Wasa ne, da a ce da ne.

Alhamis, 13

Ta mutu.

Mun fita Mayahi lafiya, fanko, tana gudu har na ji kunyar abin da na ce ma yaron. Daidai Gawo Biyu ta fara tari, ta ja, ta saki, ta ja, ta yi shiru. Gawo Biyu, inda munka kwana arba'in muna fasa hanya zamanin aikin dole, inda Halilu ɗan Tanko ya faɗi bai tashi ba. Famfo na ta tak-tak da sauri kamar mai haki, isansi bai zuwa.

Na zauna inuwa da masu lodi har rana ta take. Can na ce bari in duba ko tankin ya yoye. Na kama layar, na yi bisimilla, na murɗe. Sai ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, fuuu, kamar tsohuwa ta sauke tulu. Isansi na nan. Na mayar, na murɗa makulli, ta tashi.

Ɗaya daga masu lodi ya ce layar nan da rai. Na ji daɗi.

Juma'a, 14

Na dawo da lodin farko? A'a. Rabinsa na bakin gulbi.

Asabar, 15

Bari in rubuta yadda anka yi, tun ban huce ba.

Jiya mun yi lodi da hantsi, munka kama hanyar Tasawa. Tsakiyar yashin gulbi, inda ba a tsayawa ko wa ya mutu, nan ta zaɓa. Mota mai kaya in ta tsaya cikin yashin nan sai ta zauna har gindi. Na yi ta murɗa makulli har batir ya fara nishi. Ban buɗe tanki ba, me zan duba, ni na zuba mata da hannuna. Munka sauke buhu sittin a ka, munka tona, munka shimfiɗa rassan sabara. Sallar Juma'a ta wuce mu nan. Da la'asar sakaliya, ba wanda ya taɓa ta, na ja manibel, ƙarfen tayar da inji da hannu, ta tashi don kanta.

Yau munka koma kwaso sauran. Ta mutu a rijiyar Amani, ta mutu a kukar maƙera. A rijiyar na taɓa layar na buɗe, ta sauke numfashi ta tashi nan take. A kukar na yi fushi na ƙi saukowa, munka yi zaman awa uku.

Lodi ɗaya, kwana uku.

Lahadi, 16

Mushe ya wuni ƙarƙashinta. Ya cire matacin isansi ya wanke, tas yake. Ya hura tiyo daga tanki har inji da bakinsa, har ya yi amai. Ya bi wayoyi ɗaya-ɗaya. Ya ce in buɗe mashi tanki zai sa sanda ya auna, na buɗe na riƙe murfin a aljihu. Ya bar ta tana aiki tsaye fiye da awa guda, allurar agogonsa ko motsi.

Ya ce, “Baba, a gida lafiyarta lau.”

Na ce Gwaggo ba a gida take cin abinci ba.

Uwarsa Hindu ta aiko mashi da fura har gindin mota. Ni sai da na tambaya.

Litinin, 17

Na tafi da shi don ya gani da idonsa. Ya ɗaura agogon cikin kabin. Tun daga bayan gari allura ke sauka kaɗan-kaɗan, kamar ruwan rijiya da bazara. Gawo Biyu ta kwanta ƙasa, Gwaggo ta bi ta.

Ya cire famfo ɗaya ya bar ɗaya. Munka ƙara gaba kaɗan fiye da da, ta mutu. Ya musanya su. Haka. Ya mayar da biyun.

Da na buɗe tanki ta yi ajiyar zuciyar nan, sai na ga ya tsaya cak da ƙarfe a hannu. Ya ce, “Baba, murfin nan... ko za ka bari in gani?”

Na ce me zai gani.

Ya ce, “Ko yana shan iska.”

Na ce murfin nan shekara goma sha huɗu yana kanta, tun yana yawo ba wando. Abu ɗaya ne sabo a jikin motar ga, kuma shi ya kawo shi. Sunan Allah ke bisa murfin, shi ne kaɗai ke tashe ta in famfonsa ya kashe ta, yanzu kuma shi za a tuhuma? Abin da anka koya mashi lakkwal ke nan? Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Gaban masu lodi.

Ya hau baya ya zauna tare da masu lodi har Garin Cindo.

Talata, 18

Gulbi. Yashi har gindi. Rana.

Laraba, 19

Har yanzu gulbi. Batir ya mutu, kuma waɗanga famfo ba su san manibel ba, in babu wuta babu isansi. Tsohon nawa da hannu ma ana lallashinsa. Mushe ya ɗauki batir bisa jaki ya nufi Tasawa.

Ina zaune cikin kabin, ƙarfe ya yi zafi ba ya taɓuwa. Gaba yashi, baya yashi. Ba ni iya mayar da tsohon famfo, ba ni iya tafiya da sabo. Ba ni iya ce ma Cindo ya sallame ni, ba ni iya kai mashi kayansa. Wasu Buzaye sun wuce da raƙuma tara, babbansu ya tsaya ya yi mani sannu, ya tambaya ko a kira wani. Wa za a kira.

Na ƙirga mutanen da na sani sunka riƙe bolan a ƙasar ga kafin ni da tare da ni. Goma sha ɗaya. Na san sunan kowa da motar da ya ja da inda ta ƙare. Saura ni.

Juma'a, 21

Lodi na biyu ya hau baskil. Mai awo ya ce, “Baba Maiwada, mun ɗauka Gwaggo ta tafi hajji a ƙasa.” Anka yi dariya. Kamiyon Salifu ta shiga ta fita sau biyu ina tsaye.

Asabar, 22

Na ga gefen tanki ya loma ciki, kamar ƙwarya ta sha duka. Na tambayi masu lodi wa ya jingina buhu. Kowa ya rantse. Babu tabon duka, fentin ma bai kankare ba. Kamar daga ciki anka jawo shi.

Na ce hannun mutane ne. Na kai ma Illo murfin ya ƙara bin ɗinkin da kaki. Ya ce, “Kai dai ka kusa sa in ɗinka ma motar nan wando.”

Na cika tankin har wuya, na ce ko yunwa ce ke sa ta. Gwaji kawai, zuwa bayan gari. Ko Gawo Biyu ba ta kai ba. Da ta ƙoshi ta fi saurin mutuwa. Wanga wane irin ciwo ne.

Lahadi, 23

Cindo ya zo da kansa bisa doki. Bai zauna ba sai da na matsa. Ya sha ruwa, ya yi ta juya hula a gwiwa.

Ya ce, “Maiwada, ba ni ba ne. Mata ne ke magana. Buhunan da sunka rage na marasa ƙarfi ne, waɗanda anka bari ƙarshe.”

Na ce na sani. Na san mai kowane buhu. Akwai na Zuhura matar marigayi Audu, da ita da jikoki huɗu.

Ya ce zai jira ni har ranar Laraba. In rana ta kai tsaka bai ji kukan Gwaggo ba, zai aika ma Salifu. Ya ce, “Kuma ka san in sun hau tasa sau ɗaya...” Bai ƙarasa ba. Ba sai ya ƙarasa ba.

Da zai hau doki ya dafa ƙofar Gwaggo, kamar mai gaida mara lafiya.

Litinin, 24

Mushe ya ce in na yarda ya cire famfonsa ya mayar inda ya samo, shi kuma akwai garejin da ke nemansa Maraɗi. A tsaye ya faɗa, daga bakin zaure, kansa ƙasa. Na ce hanya ai ba tawa ba ce.

Hindu ba ta yi mani magana ba tun safe. Tuwon ma da gishiri kaɗan.

Na jawo tsohon famfo daga ƙarƙashin gado, na yanka fatar tsohon takalmi na gwada. Isansi ya cinye ta kafin in gama alwala.

Talata, 25

Da hantsi ina tsakar gida, na fasa sabon gwangwanin man inji zan juye a kwalba. Na huda da ƙusa, na karkata. Ya zubo kaɗan, ya yi gwal-gwal, ya tsaya. Na girgiza, ya zubo, ya tsaya. Na matse shi har gefensa ya loma.

Hindu na tuyar ƙuli-ƙuli. Ta taso ta karɓi ƙusar daga hannuna, ta huda wani ɗan rami ta ɗaya gefen. Mai ya miƙe zar kamar igiya.

Ta ce, “Malam, ka bar mashi inda zai sha iska mana. Kai ma in an toshe maka hanci ba ka iya haɗiye fura.”

Ta koma bakin murhu.

Ban sani ba ko shi ya aiko ta. Na dubi fuskarta, ƙuli kawai take juyawa. Shekara talatin da shida ban taɓa gane fuskar matar nan ba in ta ga dama.

Na shiga ɗaki na buɗe karnen ga daga ranar 10. Na bi da yatsa. Gawo Biyu, na buɗe, ta tashi. Gulbi, ban buɗe ba, wuni. Rijiyar Amani, na buɗe, ta tashi. Kukar maƙera, ban buɗe ba, awa uku. Ranar da ta yi awa guda lafiya a gida, murfin na aljihuna. Da hannuna na rubuta duka.

Sai na koma can farkon karne, shekarar da na fara jan ta ma Balaraben kanti, kafin ta zama tawa. Babu komai a rubuce. Amma na tuna. Wani bakaniken Dahome mai guntun yatsa, ranar wata Asabar, bayan kanti, yana tsokacin tsakiyar murfin nan da allura yana hurawa. Na tambaye shi, ya ce da gurguwar Hausarsa, “Hanci nata ne.” Na yi dariya ran nan.

Ni da ake zuwa tambaya shekarar da anka haƙa kowace rijiya daga nan har Isawan, wanga ya ɓace mani.

Ban ci abincin rana ba.

Da la'asar na je wurin Illo na ce ya ara mani aska da basilla. Ya ce me za a yanka. Na ce ba ruwansa. Ya dubi aljihuna, ya ce, “In ɗinkina ne, bi ta gefen hagu, nan na fara. Kada ka taɓa takardar.” Sai ya ƙara da cewa, “Aikin dai ba shi da laifi, ko? Ko iska ba ta wucewa.” Na ce ko iska.

Na zauna bayan rumbu inda ba mai gani. Na yi bisimilla na warware. Layar ta fito lafiya, ko laima ba ta yi ba. Ƙarƙashinta, daidai tsakiya, ga shi nan. Bai kai ƙwayar gero ba. Kaki ya cika shi. Na sa basilla na tsokace, na hura, na ji iska a tafin hannuna.

Laraba, 26

Mun fita da sassafe. Na ce ma yaron ya ɗauko agogonsa, ban ce don me ba. Ya ga murfin tsirara, ya ga layar na lilo a wuyan bolan da sabon zare. Bai ce uffan ba. Allah ya yi mashi albarka, bai ce uffan ba.

Gawo Biyu, allura na tsaye. Rijiyar Amani, tana tsaye. Ni ina kallon hanya, shi yana kallon allura, ba wanda ya kalli wani.

Rana ba ta kai tsaka ba munka shiga Garin Cindo. Cindo na tsaye bakin gari, ga ɗan aike ya riga ya ɗaura ma doki sirdi. Ya ce tun daga nesa ya ji ƙorafinta. Zuhura ta kawo mana ruwa da kanta, ta tsaya har anka ɗora nata buhunan.

Alhamis, 27

Lodi na uku ya hau baskil kafin azahar. An rufe awo da la'asar.

Layar na maido ta gaba ne don nan ta fi ganin hanya. Duk wanda ya tambaya abin da zan ce ke nan, kuma ba ƙarya ba ne. Bakin mutane gaskiya ne, Salifu bai ce masha Allah ba.

Jiya a bakin gulbi na tsaya na ce idona na yi mani yaji, rana ta yi yawa. Na zagaya na zauna ɗaya gefen. Ya ƙetare yashin da giya ta biyu bai ɗaga ƙafa ba, yadda nake yi. Ban san lokacin da ya koya ba. Famfon nan biyu na ta tak-tak ƙarƙashinmu, in mutum ya saba ba su da wani ƙara sosai.

Maganar Maraɗi bai sake tayar da ita ba, ni ma ban tambaya ba. Lomar tankin tana nan, ya ce zai iya buge ta ta miƙe. Na ce a bar ta.

Tsohon famfo na ba Illo, ya ce zai riƙa danne fata da shi.

Gobe akwai gero da za a kai Bawdeta. Idon nawa bai gama warkewa ba. Alkasim zai ja.